Gadin Idon Baba Bukar

Da na dawo hayyacina, a kan tsohon nake kwance. Ƙirjina a bayansa, hannuna ɗaya ya danne masa ƙeya, ɗayan yana lalubar bindigar da rabona da ita shekara biyu. Muna tsakiyar wani lungu a unguwar Abbasiya, a ƙasar Masar, rana tsaka, mutane sun zagaye mu. Wasu na dariya. Wata mata daga saman bene tana ta zuba Larabci, ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na san zagi ne.

Ba harbi ba ne. Kayan ɗakin amarya ake kaiwa. Haka suke yi a garin nan, a loda katifa da firji da tukwane a buɗaɗɗun motoci, a bi layi ana hon ana kiɗa, samari a saman kaya suna jefa abin wasan wutar nan mai fashewa. Ɗaya ya faɗo kusa da ƙafata. Ni dai ban yi shawara da kaina ba. Jikina ne ya yi abin da aka koya masa.

Na ɗago shi. Robar da likita ya rufe masa ido da ita ta tsage biyu, audugar ta fara yin ja. Kwana huɗu ke nan da yi wa idon aiki, kuma shi kaɗai ya rage masa, na hagun ya mutu tun da daɗewa. An ɗauke ni aiki ne don kada kansa ya ko girgiza. Ni kuma na haɗa masa fuska da dakalin titi.

Bai yi ihu ba. Ya riƙe wuyan hannuna, kansa a sunkuye yadda likita ya ce, ya kira ni a hankali.

"Sabi'u."

"Na'am, Baba."

"Kai soja ne."

Ba tambayata ya yi ba.

Bari in faɗi yadda aka yi na kai lungun nan.

Ni ɗan Malumfashi ne. A aji biyu na sakandare na tsaya, ba don an rasa ba, zaman ne ba na iyawa. Na yi gareji, na yi kwandasta, na sayar da rake, babu wanda na cika wata shida a ciki. Sojan ma da takardar yayana na shiga. Shekara shida na yi, biyar a daji can gabas. Ranar da motarmu ta taka nakiya, abokina Ɗanladi yana cikin ba ni labarin wata yarinya da zai aura, bai ƙarasa ba. Ni kunnen hagu kawai na baro a wurin. Bayan asibiti aka sallame ni.

Na dawo gida aka yi murna kwana uku, daga nan kowa ya fara taka-tsantsan da ni. Ba na cin abinci a zaune. A masallaci sai sahun ƙarshe, bayana jikin bango. Wata rana ƙanwata ta taɓa ni ina barcin rana, na murɗe mata hannu har sai da aka kai ta wurin mai ɗori. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce kowa ya daina shiga ɗakina. Da ma faɗan ta yi. Shi ya sa da wani ya ce ana neman tsofaffin sojoji aikin gadi a ƙasashen Larabawa, ta Masar ake bi, ban ma tambayi wace ƙasa ba.

Zangona na farko Hadayek el-Maadi. Wanda ya tarbe mu a filin jirgi Bahaushe ne, gemu a gyare, ƙamshi kamar ango, kowace magana sai ya ce "tamam", wato komai daidai. Ya kai mu wani ɗaki a hawa na shida, mu tara, ya ce takardu sati ɗaya. Sati uku muka yi muna cin gurasa da wake safe da rana. Sai wayarsa ta daina shiga. Mai gadin benen ya hau, ya buɗe ƙofa, ya nuna mana matakala, "Yalla." Kowa ya kama gabansa. Wasu suka ce hanyar teku za su bi. Ni na ga gawa ta ishe ni, ban bi su ba.

Zango na biyu Hayyin Ashir. Ina yawo da jakata, yunwa ta fara ɗaukar mini gani, sai na ji ana Hausa a bakin wani ɗan shagon abinci. Hausa wata iri, rabi Larabci. Hajja Asha ce. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka tashi a ƙafa za su Makka, suka tsaya a Sudan, can aka haife ta, yaƙi ya koro ta nan. Ba ta taɓa ganin Katsina ba, amma da na ce Malumfashi sai ta ce, "Ashe ɗan gida ne." Ta zuba mini tuwonsu da miyar busasshiyar kuɓewa. Na cinye a tsaye kafin ta rufe tukunya.

"Wa ke korar ka?"

"Babu kowa, Hajja."

"To zauna. Kwanon ba shi da ƙafa."

Wata biyu na yi ina mata wanke-wanke, ina kwana a siton bayan shago. Masu sayar da gas na garin nan, ƙarfe suke bugawa a jikin tukunyar gas su sanar sun iso, ƙwan-ƙwan-ƙwan. Ranar da na fara ji, na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur da soso a hannu. Hajja ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tambaye ni komai ba.

"Ma'alish," ta ce, wato yi haƙuri. "Ni ƙarar jirgin sama ce. Kowa da tasa. Fito, tukunyar nan ba ta fita ba."

A shagon na haɗu da Ustaz Auwal, ɗalibi ɗan Gombe, yana zuwa cin tuwo ranar Juma'a. Bayan karatu yana yi wa marasa lafiya da ke zuwa daga gida tafinta a asibiti. Ya ce akwai wani tsoho a Abbasiya da za a yi wa aikin ido, ɗansa ya kawo shi amma hutunsa ya ƙare, dole ya koma. Ana neman mai jinya, wanda ba shi da nauyin barci.

"Sai dai da sharaɗi, akhi. Baba ba ya son soja, ba ya son ɗan sanda, duk wanda ya taɓa sa kaki dai. A gida me kake yi?"

Hajja tana jin mu. Ta juya baya ta ci gaba da motsa miya.

"Kwandasta," na ce.

Na taɓa yin kwandastan. Amma ni na san ƙarya na yi.

Zango na uku ke nan, Abbasiya, ɗaki biyu a saman wani shagon guga. Baba Bukar dogo ne siriri, tsohon dillalin bandar kifi daga bakin tafki. Ɗansa Mustafa ma'aikaci ne, mai magana ɗaya. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Amana ce, ɗan'uwa. Idon nan shi ke nan gare shi."

Ustaz ya yi mini bayanin aikin yadda zan gane. Wani tantani ne can bayan idon ya ɗaye, kamar fenti a bango. Likita ya manna shi, ya hura iska a cikin idon don ta danne shi har ya kama. Ita kuma iska sama take tashi, don haka sai fuskar mutum tana kallon ƙasa take danne wurin. Ke nan a kowace awa Baba zai yi minti hamsin fuskarsa a kife, ya huta minti goma, har kwana goma. A zaune kai a kan tebur, a kwance rubda-ciki, a tafe yana kallon ƙafarsa. Ruwa da tsinken shan lemo. Salla da ishara. Aikina in tabbatar bai ɗaga ba, bai juya ba, ko yana barci.

Na ce a raina, wannan ai na san shi. Gadi ne.

Kuma na iya. Tun da aka sallame ni, ranar na fara ganin amfanin rashin barcina. Na ajiye kujera a inda nake ganin shi ina ganin ƙofa, na ɗaura agogo. Ko kafaɗa ya motsa, ina kansa.

"Baba, kai."

"Ƙaiƙayi nake ji, ɗan nan."

"Nuna mini wurin in sosa. Kan dai a ƙasa."

"Kai ko mai karɓar haraji ya fi ka sassauci. Wace mota ka yi wa kwandasta? Allah Ya jiƙan fasinjojinta."

Ya sa mini suna Mai Agogo. Yana ba ni labarin kifi muryarsa na fitowa ta cikin matashi, yadda ake gane bandar da aka yi da itacen kirki ta wari kawai, yadda ya taɓa kai kaya har kudu motar ta lalace kwana uku, ƙudaje suka bi shi har cikin masallaci. Rabona da dariya irin wannan tun Ɗanladi.

A kwana na biyu da la'asar, lokacin hutunsa na minti goma, yana zaune ina matsa masa wuya, na ce, "Sannu Baba. Kwanciyar nan da wuya."

"Wannan? Da katifa, da fanka, da mai sosa mini baya? Ai na yi wadda ta fi ta."

Sai ya faɗa mini. Shekara bakwai da suka wuce, suna cikin bas shi da autansa Aji, ɗan shekara ashirin, za su kai kaya. Aka tsayar da su a shingen sojoji. Aka ce maza duk su fito, a cire riga, a kwanta rubda-ciki a kan kwalta. Azahar ce, kwaltar har tana manne wa fata. Wanda ya ɗaga kai, takalmi. Suna kwance yana jin takun sawu na bi ta kansu, ana cewa kai tashi, kai tashi. Sai ya ji muryar Aji ya ce "Baba," sau ɗaya.

"Ban ɗaga kai ba, Sabi'u. An ce kar a ɗaga, ban ɗaga ba. Da aka ce mu tashi, rigarsa ce kawai a wurin."

Hannuna yana wuyansa. Na kasa cirewa, na kasa ci gaba.

"Mustafa yana zaton don karatun Alƙur'ani nake son idon nan. Abin da na haddace ya ishe ni salla. Ni dai in yaron nan ya shigo ƙofa wata rana, in gan shi da kaina, ba a ce mini ga Aji ba."

Agogo ya nuna minti goman ya cika. Aikina ne in ce masa ya kifa kai. Shi da kansa ya laluba matashin ya kifa.

Kwana biyu bayan nan muka je likita ya duba, ya ce tamam, komai na tafiya daidai. A dawowa tasi ya sauke mu a bakin titi saboda lungun ya cushe. Baba yana tafe kai a ƙasa, hannunsa a kafaɗata. Saura taku kamar ashirin mu shiga gida masu kayan amarya suka shigo.

Abin da ya biyo bayan faɗuwar ina tuna shi guntu-guntu. Kiɗan ya tsaya. Wani mai ƙiba da farar jallabiya, ina jin kawun amaryar ne, ya daka wa samarin tsawa, ya buɗe mana motarsa. Haka muka tafi asibiti da katifar amarya ɗaure a saman mota, yana ta hon yana ta "ma'alish ya hajj, ma'alish." Ni ina baya na tallabe goshin Baba da tafin hannuna don kar gargada ta girgiza shi.

Ustaz ya iso da gudu da littattafansa a hannu. Likita ya tambayi abin da ya faru. Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Ce masa tsoho ne ya yi tuntuɓe. Kaina a ƙasa, amma dakalin ban gan shi ba."

Ustaz ya kalli gwiwar hannuna da ta ƙuje, ya kalli ƙurar da ke gaban rigata, sannan ya fassara abin da Baba ya ce. Likita ya daɗe yana haska idon. Ya ce jini ya taru a ciki, ba ya hango bayan. A jira kwana biyar ya kwanta. In tantanin yana nan, shi ke nan. In ya sake ɗayewa sai wani aikin, kuma ba ya alkawarin komai. A ci gaba da kifa kai.

Da muka koma gida na kwantar da shi, na ɗauko jakata. Ya ji ƙarar zif.

"Ina za ka?"

"Ustaz zai samo maka wani, Baba."

"Wa ya sallame ka?"

Na tsaya da jakar a hannu.

"Ka yi ɓarna ka ɗauki jaka? Zauna ka ga ƙarshenta. Ɗaura agogonka."

Na ɗaura. Kwana biyu bai ce mini komai ba sai ruwa, sai buta, sai lokaci ya yi? Babu Mai Agogo, babu labarin kifi. Mustafa ya kira, Baba ya gaya masa maganar tuntuɓen, ya ce ba don yaron nan ba da abin ya fi haka. Mustafa ya ce a ba ni waya, ya yi ta mini godiya. Na fita baranda na tsaya ina kallon shanyar mutane har ya gama.

Rana ta uku da hantsi, yana zaune lokacin hutu, idonsa a naɗe, ya ce, "Ka yi tsaron shinge?"

"Na yi."

"Kun kwantar da mutane?"

"Mun kwantar."

"A wace hanya?"

Na lissafa masa guda uku. Da na faɗi ta biyun ya ɗaga hannu. Ita ce. Na ƙirga shekarun a raina, na ga ina yankin a lokacin. Amma ana canja mu, wata biyu nan, wata uku can, kuma shingayen hanyar sun fi ɗaya.

"Ban sani ba ko ina wurin, Baba. Wallahi da na sani da na faɗa."

"Me ya sa ake kifa mu?"

Wannan na san amsarta. "Akwai mutum a cikin motarmu, an rufe masa fuska. Ɗan yankin ne. Shi yake nunawa, wancan, wancan. Don kar ku gan shi ake kifa ku."

"Ta ƙeya yake gane mutum?"

"Wani lokaci a ɗago kan mutum a nuna masa."

"Wani lokacin fa?"

"Wani lokacin ba a ɗagowa."

A ƙasa mai guga yana ta fesa ruwa yana waƙa. Na so in gaya masa cewa a irin shingen nan bam ya tashi da mutanenmu huɗu, wanda ya kawo abin kuma dattijo ne kamarsa da buhu a ka. Na so in ce tsoro muke ji, mu ma yara ne. Duk gaskiya ne. Amma na ga ba abin da ya tambaye ni ba ke nan.

"Ina ake kai su?"

"Wata mota ce take zuwa da yamma. Mu sa su a ciki."

"Ta kai su ina?"

"Ban taɓa tambaya ba."

"Don me?"

"Ba a tambaya, Baba." Sai na ji wannan ma rabin magana ce. "Kuma ban so in sani ba."

Ya shafa gemunsa. "Shekara bakwai babu ofishin da ban je ba. Na tsuguna wa yaran da na haifi iyayensu. Babu mai kaki ɗaya da ya taɓa amsa mini tambaya. Sai a Masar."

Na durƙusa a gabansa duk da ba ya gani na. "Baba, ka yafe mini."

"Wanne? Na ido ko na hanya?"

"Duka."

"Na ido, jikinka ka ɗora a kaina. Da harsashi ne kai zai samu. Wannan na ji shi a bayana, ba sai da ido ba. Na yafe." Ya numfasa. "Na hanya ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai uwarsa. Ita har yau tana ajiye masa tuwo. Lokaci ya yi?"

"Ya yi."

Ya kifa kai.

Rana ta biyar likita ya haska, ya ajiye fitilar, ya yi wa Ustaz magana a hankali. Tun kafin a fassara na gane. Tantanin ya ɗaye. Aka sake aiki, wannan karon wani irin mai suka zuba a idon maimakon iska. Muka koma kifa kai daga farko. Ban taɓa yin gadi kamar wannan ba. Na toshe tagar da ke kallon lungu da bargo. In za mu asibiti sai na sauka ni kaɗai na duba layin, na roƙi mai tasi ya shigo har bakin ƙofa, kuma na gaya wa Ustaz gaskiya na ce shi zai riƙa riƙe Baba a hanya, ni in bi su a baya, nesa kaɗan. Ustaz ya daɗe yana kallo na, ya ce, "Allah Ya ba ka lafiya, akhi." Ban san ba ni da lafiya ba sai da ya faɗa.

A hankali Baba ya dawo da Mai Agogo. Labarin kifi ma ya dawo. Maganar hanya ba mu sake ta ba.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki aka yi gwajin ƙarshe. Likita ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga yatsu. Baba bai gani ba. Ya matso tsakiyar ɗaki. Bai gani ba. Sai da ya kawo hannun dab da hancinsa ya ce uku. Ustaz ya fassara: haske zai gani, da inuwar mutum, zai iya zuwa banɗaki da kansa. Fuska dai a'a. Khalas, iyakar abin da za a samu ke nan. Na tambayi Ustaz ya tambaye shi, ba don faɗuwar ba fa? Likita ya buɗe hannu ya ce aikin farko ya yi kyau sosai. Bai ƙara ba.

Baba ya ce, "Alhamdulillahi." A cikin tasi ya juyo yana kallon wajena. "Ina ganin ka kamar mutum a bayan labule. Ashe gajere ne kai. Da muryar nan na zaci wani ƙato ne."

Na yi dariya, sai ta juye ta zama wani abu, na juya fuska taga.

Baba ya bi wasu mutanen Kano da suka gama jinya suka koma tare. A filin jirgi, kafin a tura kekensa ciki, ya laluba kaina ya dafa. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Kar ka gaya wa Mustafa. Zuciya gare shi. Tuntuɓe na yi."

Na koma Hayyin Ashir, na koma kan tukwanen Hajja. Kwana uku saƙon Mustafa yana shigowa, Baba ya iso lafiya, Allah Ya saka, in na dawo gida in neme shi zai samo mini aiki. Ban amsa ba. Na gaya wa Hajja komai tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba.

"Tsoho ya rufa maka asiri, kyauta ce ya ba ka. In za ka iya ɗauka, ɗauka. In ba za ka iya ba, wayarka na aljihunka."

Na wanke hannu, na zauna a kan buhun gari a sito. Rubutuna ba shi da kyau, na goge ya fi sau goma. Ga abin da na tura:

"Salamu alaikum Yaya Mustafa. Sabi'u ne. Ka daina mini godiya. Baba ba tuntuɓe ya yi ba, ni na kayar da shi. Na ji ƙara na zaci harbi ne na danne shi a ƙasa, idon ya bugu. Likita ya ce aikin farko ya yi kyau, ke nan ni na ɓata. Ni tsohon soja ne, na ɓoye muku don in samu aikin. Baba ya sani, ya ce kar in faɗa maka, na saɓa masa, kar ka yi masa faɗa. Na yi tsaron shinge a hanyar da aka ɗauki Aji. Ban sani ba ko ina wurin ranar. Duk abin da ka ga ya dace ka yi mini, ba zan canja lamba ba. Amma in ka yarda, turo mini hotonsa da cikakken sunansa da watan da abin ya faru. Ina da lambar mutum biyar da muka yi aiki tare, ɗaya direban motar yamma ne. Ban ce zan same shi ba. Zan dai tambaya. Maganin ɗigawa mai jan murfi sau huɗu ne a rana, ba uku ba, Baba zai ce maka uku."